Mai Wutsiya Biyu: Tarihin Samaniyar Kurfai a Bakin Masu Ɗaga Kai

Hutun damina da ya wuce na koma gida Filinge. Wata rana bayan la'asar muna zaune da Kakana gindin dogon yaro, sai wani jirgi ya ratsa can ƙololuwa, ya bar farin zare a bayansa. Ni kuma da rawar kai irin ta ɗan jami'a, na zaro waya na buɗe Flightradar24, na ce: "Kaka, wannan daga Turai ya fito, kudu za shi, bakin teku." Tsoho bai ko ɗaga kai ba. Ya ce: "Kai ɗan lakkwal, wannan ai waya ta hwaɗa maka, ba kai kas sani ba. In kai gwani na, hwaɗa mini sunan mai wutsiya biyu, wanda yas sabka bisa hwako zamanin Diori."

Na yi tsit. Wayar ma ta yi tsit, don ba ta san zamanin Diori ba.

Wata uku na yi ina bin wannan tambaya. Da farko don in rama ne, kun san tsakanin jika da kaka. Daga baya sai na ga abin ya wuce wasa. Ƙasar Kurfai tana da tarihin ƙasa, na sarauta da yaƙi da yunwa, kuma an rubuta wani abu a kansa. Amma tana da tarihin sama wanda ya kai shekara ɗari, shi kuwa yana bakin tsoffinmu ne, cikin ƴan sunayen da suka laƙaba wa abin da ke wucewa bisa kawunansu. Shi nake so mu duba tare, ƴan'uwa ɗalibai. Maganar Kaka na bar ta yadda ta fito, ban mayar da ita Hausar littafi ba.

Su wane ne masu ɗaga kai?

A Turai akwai mutanen da sha'awarsu ke nan a duniya: su tsaya bayan wayar filin jirgi da madubin hangen nesa da ɗan kaye, su rubuta kowane jirgi da ya sauka, irinsa da lambarsa da ranar da suka gan shi. Gwanayensu ba su damu da manyan jiragen da kowa ya sani ba. Abin alfaharinsu shi ne a ba su tsohon hoto mai duhu-duhu na wani jirgin da aka ƙera ƴan kaɗan aka manta da shi, su ce wane ne, kamfani kaza, shekara kaza. Ni dai na sa musu suna masu ɗaga kai.

Wani zai ce aikin marasa aikin yi ne. To, ba daga wasa abin ya faro ba, daga tsoro ne. A 1925 Ingila ta kafa ƙungiyar ƴan sa-kai masu gadin sama, aikinsu su zauna a tudu su ba da labarin duk jirgin da ya wuce. Da yaƙin duniya na biyu ya zo, bambance jirgin gida da na Jamus cikin ƙiftawar ido ya zama maganar rai da mutuwa, har a 1941 aka fara buga wata mujalla, The Aeroplane Spotter, don koyar da wannan kawai. Yaƙi ya ƙare, sabo bai ƙare ba, sai ya rikiɗe ya zama sha'awa.

Dabararsu mai sauƙi ce, abu huɗu ake dubawa: fiffike, inji, gangar jiki, wutsiya. Fiffiken bisa yake ko ƙasa? Inji nawa, kuma mai farfela ne ko mai feshin iska? Jikin siriri ne ko mai tumbi? Wutsiyar yaya take? Sai kuma lamba, don kowace ƙasa da harafinta: Nijar 5U, Najeriya 5N, Mali TZ, Burkina XT, Aljeriya 7T, Faransa F, Amurka N. Kar ku raina wannan rubuce-rubucen lamba. Bayan 2001, kayen irin waɗannan mutane ne ya taimaki ƴan jarida suka gano jiragen da hukumar leƙen asirin Amurka ke jigilar fursunoni da su a ɓoye, har wani mai lamba N379P ya yi suna a duniya. Wanda ya san sunan abu, ba a cika yi masa rufa-rufa ba.

Kwale-kwalen sama

Ni ɗalibin ilimin harshe ne, don haka sai kun yi haƙuri in taɓa kalmar kanta. Asalin jirgi a Hausa na ruwa ne, wato kwale-kwale. Da Bature ya kawo dogo aka ce jirgin ƙasa, da ya kawo mai tashi aka ce jirgin sama. Maƙwabtanmu Zabarmawa ma hanyar da suka bi ke nan, suka ce beene hi, kwale-kwalen sama. Abin dariyar shi ne Kurfai ba kogi. Dallol Boso kwari ne da ruwansa ya daɗe da nutsewa ƙasa. Kaka ya ce shi kam ya ga jirgin sama kafin ya ga na ruwa, na ƙasa kuwa sai da ya je cirani Kumasi. Ban da jirgi muna da abiyo da muka aro daga Faransanci, muna da mai saukar ungulu, wanda wasu ke ce wa elikofta.

Ƙamus ya tsaya nan. Amma mutane ba su tsaya nan ba, domin kalma ɗaya ba ta isa ta raba mai kawo hatsi da mai kawo wuta. Shi ya sa kowane gari, kowane zamani, ya ƙirƙiro nasa ƙananan sunaye. Mai wutsiya biyu ɗaya ne daga cikinsu.

Baƙin farko

Ranar 18 ga Fabrairu 1920 jirage biyu ƙirar Breguet suka tashi daga Tamanrasset, suna so su zama na farko da suka ƙetare Sahara. Ɗaya ya ɓata, mai ya ƙare, ya kife cikin rairayi. Janar Laperrine da ke cikinsa ya ji rauni, ya mutu ranar 5 ga Maris. Ɗayan, wanda Kumandan Vuillemin ke tuƙi, ya kai Menaka, can arewa da mu, ƙasar Azawak wadda kwarurukanta ke gangarowa Dallol Boso. Wato jirgin farko da ya ƙetaro hamada, kusan a bakin ƙofarmu ya sauka.

Sai 1925, shekarar da nake so mu riƙe. A watan Fabrairu wasu manyan jirage biyu ƙirar Blériot 115, masu inji huɗu da fiffike hawa biyu, suka iso Yamai daga Faransa, za su Tafkin Cadi. A lokacin Yamai ƙaramin gari ne, sai a 1926 hedkwata ta taso daga Damagaram. Wajen tashi ɗayan jirgin ya faɗi, mai kula da rediyonsa ya mutu, matuƙin kuma, Vuillemin ɗin nan dai, ya ji mummunan rauni. Tafiyar ta mutu nan. Ranar 1 ga Nuwamba na shekarar, jirage uku na sojan Ingila ƙirar DH.9A, da suka taso daga kusa da Alƙahira ƙarƙashin Arthur Coningham, suka sauka Kano. Vuillemin bai daddara ba: ƙarshen 1933 ya jagoranci ayarin jirage 28 ƙirar Potez 25 suka zagaya ƙasashen da Faransa ke mulka, suka bi ta Yamai da Damagaram. Manufar a fili take, a nuna wa baƙar fata cewa mai ƙasa ya mallaki sama.

To me Kurfayawa ke yi a 1925? A wajen wannan shekara ce, a Shikal, wata mata mai suna Shibo ta fito da sababbin iskokin da aka kira Babule, waɗanda duniya ta sani da Hauka. Iskokin nan kwaikwayon masu mulki suke: akwai Gwamna, akwai Kumandan Mugu, akwai Lokotoro, akwai Kafaran Gardi, kowa da tafiyarsa da tsawarsa. Kumandan Crocicchia na Yamai ya sa aka kame su aka kulle, abin bai mutu ba, ya bi ƴan cirani har Ankara, inda Jean Rouch ya ɗauke shi a fim ɗinsa na 1955. Ba bori nake yabo ba. Abin da nake nunawa shi ne, mutanen Kurfai sun daɗe da ɗabi'ar ƙura wa baƙon ƙarfi ido, su rarrabe shi iri-iri, kowane iri su ba shi suna. Abin da suka yi wa masu kaki a ƙasa, shi suka yi wa ƙarfen da ke bisa.

Wani abu kuma: ɗauki taswira ka ja zare daga Yamai zuwa Agadas. Kusan ta kan Filinge zai bi. Mu ba mu da babban filin jirgi, amma muna zaune ne ƙarƙashin hanya. Wanda gidansa ke bakin titi kuwa, ko ba shi da mota ya san motoci.

Farautar mai wutsiya biyu

Da na koma Yamai na fara bincike, na ɗauka abu ne na kwana biyu. Ashe masu wutsiya biyu har uku suka yi yawo a samaniyar Sahel tsakanin 1960 da 1974, zamanin Diori Hamani.

Na farko Noratlas, jirgin dakon sojan Faransa, an ƙera 425. Inji biyu, tumbi a tsakiya kamar kwando, sai sanduna biyu dogaye da suka miƙe baya daga injinan suka riƙe wutsiya. Sojan Faransa na ce masa la Grise, wato mai launin toka. Ƴar rundunar saman Nijar, wadda aka kafa a 1961, ta samu irinsa daga Jamus ta Yamma wajen ƙarshen shekarun 1960. Na biyu Cessna 337, ƙarami, ɗan Amurka, shi ma sanduna biyu, amma inji ɗaya a hanci ɗaya a ƙeya, ɗaya na ja ɗaya na turi. Na uku Broussard, na kamfanin Max Holste da ke Reims, wanda ya fara tashi a 1952. Kujera shida, inji ɗaya, kuma yana cikin jiragen farko da rundunarmu ta fara da su, tare da C-47.

Na buga hotunan ukun a takarda, na jira hutun ƙarshen shekara. Amma ban nuna wa Kaka ba tukuna, don malaminmu na binciken harshe kullum yana gargaɗi: in ka nuna wa tsoho hoto da wuri, zai zaɓi ɗaya don ya faranta maka. Sai na bi hanyar masu ɗaga kai, tambaya huɗu.

"Kaka, fiffikensa ina yake?"

"Bisa. Mutane na wucewa ƙarƙashi nai suna shan inuwa."

Wannan bai raba gardama ba, duka ukun fiffikensu bisa yake.

"Inji nawa?"

"Guda. Gaba ga hanci, ƙato, kewayayye awa bakin turmi. Da yat tashi, ƙura har cikin gari."

Noratlas ya fita ke nan. Cessna ma ya fara tangaɗi, sai dai mutum na iya ganin injin gaba ya manta na baya, don haka ban sallame shi ba.

"Wutsiyar fa? Sanda biyu ce ta miƙe baya?"

"Wace sanda? Jiki guda na. Can ƙarshe anka kahwa abu biyu tsaye, dama da hagu, awa hwaihwai biyu."

Gabana ya fara faɗuwa don murna. Na yi tambayar ƙarshe: "Da yana tsaye a ƙasa, yaya zamansa?"

Tsoho ya yi dariya. "Zaman kare! Hanci bisa, gindi ƙasa."

Shi ke nan, magana ta ƙare. Noratlas da Cessna 337 tayarsu ta uku a hanci take, a miƙe suke tsayawa. Broussard ne ƴar tayarsa ke can ƙarƙashin wutsiya, shi ya sa yake zaman kare. Bakin turmin nan kuwa injin Pratt & Whitney ne mai ƙarfin doki 450, irin wanda tukwanensa ke jere a da'ira. Kuma dama don irin wannan aiki aka ƙera shi: ya sauka a ɗan gajeren fili marar kwalta, ya ɗauki marar lafiya ko ɗan saƙo, ya tashi. Kaka ya ce mutum uku suka fito, suka ɗauki wani ma'aikaci da ciwo ya kayar, ba su ko sha ruwa ba.

Sai na baje hotunan. Bai yi wata-wata ba ya ɗora yatsa. Ya ce: "Mi as sunan nai?" Na ce Broussard, ma'anarsa ɗan daji, mutumin ƙauye. Ya yi ta dariya har da tari. "Ashe baƙauye na, ɗan'uwanmu! Shi ya sa bai yi girman kai ba."

Ina cikin jin daɗin nasara sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, da ta shigo aron turmi, ta leƙa takardun. Ta nuna Noratlas ta ce: "Wanga shi am mai wutsiya biyu. Bai taɓa sabka ba, wucewa shikai yana hito." Kaka ya ce ba ta san kome ba, ta ce shi ne ya tsufa. Ni kuwa nan na gane duk su biyun gaskiya gare su. Suna ɗaya ne, jirgi biyu. Shi ya ga nasa a ƙasa, ya taɓa shi da hannu. Ita ta ga nata daga gona, can sama, ya nufi gabas maso arewa, hanyar Agadas.

Mai kawo hatsi, mai kashe fara

A tunanin tsararsu, jirgi abin alheri ne ko abin kallo. A farin 1973, da dabbobi suka ƙare mutane suka watse, jiragen sojan ƙasashe irin su Beljiyam da Jamus ta Yamma sun yi ta dakon hatsi zuwa arewa inda kamyo bai iya kaiwa da wuri. Nan tsoffinmu suka fara sanin Hercules da Transall. Su biyun kamar wa da ƙane suke, fiffike bisa, tumbi babba, wutsiya a ɗage, sai dai Hercules inji huɗu, Transall biyu. Cikin wannan yunwa ce Seyni Kunce, ɗan Fandu a nan yankinmu, ya kifar da Diori ranar 15 ga Afrilu 1974. A zamaninsa Nijar ta sayi Hercules biyu nata na kanta a 1979, ta kuma sayi jirgin shugaban ƙasa, Boeing 737 mai lamba 5U-BAG, aka sa masa sunan dutsen Bagazam. Wanda ya gaje shi a 2014 shi ma sunan dutsen Abzin aka ba shi, Grebun, lambarsa 5U-GRN. Kun ga ko lambar ma tana magana.

Iyayenmu kuma nasu jirgin shi ne na feshi. Da fara ta yi ɓarna a 1988 da kuma 2004, ƙananan jirage ne ke bin gonaki da sassafe, ƙasa-ƙasa har kana ganin kan matuƙi. Innata ta ce ɗan shawagi suke ce masa a garinsu, kuma da an ji shi sai a ruga a rufe randuna da bakin rijiya, a kore awaki cikin gida. Lura da wannan: sanin irin jirgin ya riga ya zama sanin abin da za ka yi. Mai hatsi, ka ɗaga kai ka yi fata. Mai feshi, ka rufe ruwa.

Lokacin da ji ya kori gani

Ni tsarata ta buɗe ido ne da wata samaniya dabam. Ina ajin ƙarshe na firamare a Janairun 2013 Faransa ta shiga yaƙin Mali. Wata guda bayan haka Amurka ta ce ta kawo sojoji wajen 100 Yamai don su tuƙa jirage marasa matuƙa. Daga nan sama ta cika. Muka san Mirage 2000, mai fiffike kusurwa uku, wanda sai ya wuce kafin ƙararsa ta iso. Muka san Su-25 biyu da Nijar ta saya a shekarar, da masu saukar ungulu ƙirar Gazelle da Mi-17. A filin ƙwallo har gasa muke, wa zai fara faɗin irin jirgi.

Amma akwai wanda ba a gani. Wani gunji ne siriri, kamar ƙudan zuma ya shiga tulu, ya yini yana kewaya. Hausawa sun ce gani ya kori ji, mu a wajenmu sai ji ya kori gani. Reaper ke nan, faɗin fukafukansa mita 20, farfelarsa a baya, yana iya fin sa'o'i 20 bai sauka ba. Na Faransa sun fara da kallo kawai, a Disamban 2019 aka ɗaura musu bama-bamai. A waɗannan shekaru ne aka yi Tongo Tongo, ranar 4 ga Oktoba 2017, inda Mirage suka yi ta wucewa ƙasa-ƙasa don su tarwatsa maharan, aka kuma yi Shinagodar ranar 9 ga Janairu 2020, inda sojojinmu 89 suka kwanta dama, Allah ya jiƙansu. Da can in jirgi ya wuce yara ne ke fita da gudu suna ɗaga hannu. A zamaninmu uwaye ne ke fita da gudu suna kiran yara. Makiyayi a dajin Abala ko Sanam, shi tambayar "wane jirgi ne wannan?" ba sha'awa ba ce gare shi.

Ku dubi kuma sunayen da masu su suka ba su, in an juya su zuwa Hausa. Mirage, kawalwalniya. Gazelle, barewa. Harfang, farar mujiyar ƙasar ƙanƙara. Predator, mai farauta. Reaper, mai girbi, kuma ba girbin gero ake nufi ba. Su suna sa suna don su tsoratar ko su yi ado. Mu kuwa abin da ido ya gani ko kunne ya ji muke faɗa: mai wutsiya biyu, ɗan shawagi, mai gunji. Sunan mai abu yana faɗin abin da yake so a ɗauke shi. Sunan na ƙasa yana faɗin yadda abin ya same shi. Mai rubuta tarihi yana bukatar duka biyun, amma na farkon kaɗai ke cikin littattafai.

Sai ga wata guda da ba zan manta ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka rufe samaniyar Nijar daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Satumba. Fararen zaruruwan nan da muka saba gani suka ɓace, jiragen Turai suka koma zagaye. Ina gida lokacin. Kaka ya dubi sama ya ce rabonsa da ganinta wankakkiya haka tun yana saurayi. Sojan Faransa na ƙarshe suka fita ranar 22 ga Disamba 2023, na Amurka suka kammala fita a Satumban 2024.

Gargaɗi ga mai sha'awa

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauki waya ya nufi bayan filin jirgi. Wajen dawowata Yamai, a wani shinge kan hanya, wani jami'i ya buɗe jakata ya ga kaye cike da zanen jirage da lambobi. Sa'a biyu na yi ina bayani, mota ta tafi ta bar ni. Katin ɗalibi da hoton Kaka riƙe da takardar Broussard ne suka cece ni. Ban ga laifinsa ba, ƙasa na cikin yaƙi. Ko a Turai ma, a Nuwamban 2001 ƙasar Girka ta kama ƴan Ingila 12 da ƴan Holan 2 masu wannan sha'awa a Kalamata, aka tuhume su da leƙen asiri, sai bayan shekara guda kotun ɗaukaka ƙara ta wanke su. Jiragen da ke aiki yau a bar wa masu aikin. Namu fagen na baya ne, kuma ba ya bukatar madubin hangen nesa. Tabarma yake bukata, da goro, da haƙuri.

Kammalawa

Daren da zan baro gida, ƙanena ɗan shekara 12 ya ji muna ta gardamar mai wutsiya biyu. Ya ce: "Yaya, ai na san shi." Ya karɓi wayata ya nemo bidiyon Bayraktar TB2, marar matuƙin da Nijar ta sayo daga Turkiyya a 2022. Na duba da kyau: sanduna biyu sun miƙe baya, sun haɗe a wutsiya. Yaron bai yi ƙarya ba. Shi da abokansa haka suke kiransa, kuma ba wanda ya koya musu.

Suna ɗaya, jirgi uku, tsara uku. Na Kaka ya sauka kan fako, mutane suka sha inuwar fiffikensa, suka ga fuskar matuƙinsa. Na tsohuwa ya wuce bisa da kaya bai tsaya ba. Na ƙanena ba kowa a cikinsa, shi ke ganinka, kai ba ka ganinsa. In wani ya zo bayan shekara hamsin ya tsinci kalmar a rubuce ba tare da bayani ba, zai zaci abu ɗaya ne, alhali tarihin yadda sama ta yi ta nisa da mu ne ke ƙunshe ciki.

Don haka ga roƙona ga ƴan wannan ƙungiya tamu, musamman ƴan Kurfai da Imanan da Tondikandiya, da ma na Arewa da Adar da Gobir. In kun je hutu, ku zauna da tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya. Ku tambaye su jirgin farko da suka gani, da sunan da ake kiransa, da abin da mutane suka yi da suka ji shi. Ku yi tambayoyin nan huɗu, fiffike, inji, jiki, wutsiya, ku ƙara da ta biyar: yaya kukansa? Ku rubuta da bakin mai maganar, kar ku gyara masa Hausa, kuma kar ku nuna hoto sai a ƙarshe. Ku kawo mu haɗa a fitowa ta gaba.

Kaka dai ya riga ya ba ni sabon aiki. Wai akwai wani da suke ce wa jakin Anasara, mai kuka biyu, in zai wuce sai kaji sun ɓuya. Na tambaye shi inji nawa, ya ce in kawo goro tukuna.